Wa Zai Kai Ɗan Kwal Gida?

Dutse Uku, Jos
12 ga Fabrairu, 1978

Zuwa ga ɗana Dalyop Chuwang,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata ka sauka Legas lafiya, kuma zafin garin bai riga 'yan dambensu kayar da kai ba. Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Maimunatu tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko ka sami mai dafa maka abinci, don ta san halinka, in an bar ka da kanka burodi da ruwa za ka yi ta ci.

Bayan haka, ranar Laraba mun taru a kan dutsen bayan makaranta kamar kullum. Wurin da kake zama, nan gefen da dutsen ya tsage, babu wanda ya zauna. Ban hana kowa ba, su ne dai suka bar shi. Na buɗe littafi, na ɗaga kai in ce ka fara, sai na tuna.

Mun sami sababbin yara daga Abatuwa, 'ya'yan mahauta. Sun zo suna huci, kowa yana son a ɗaura masa safa nan take. Na gaya musu dokar ƙungiyarmu: ba mai sa safar dambe sai an karanta babi tukuna. Washegari sai ga Isa mahauci, uban biyu daga cikinsu, ya tare ni a bakin makaranta. Ya ce, "Malam Lukuman, mu gidanmu dambe gado ne, kakana da hannu ɗaya ya kashe maza a fage. Yau kuma sai an yi karatu kafin a yi naushi? In abokin karawa ya taso, littafin za su miƙa masa?" Na ce masa, "Isa, naka damben na gado ne, ba na taɓa shi. Nawa na boksin ne, kuma ni a takarda na gaje shi." Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Da yamma ya aiko mana da fatar da za mu ɗinke buhun yashinmu da ya fashe.

Saboda sababbin, mun koma farkon littafin Ɗan Kwal. Har yanzu yara ba sa yarda su kira shi da sunansa na Turanci. Da na ce musu ubansa ma'aikacin ramin kwal ne a Ingila, sai wani ya ce, "Ashe ɗan lebura ne kamar mu," don shi ma ubansa kuza yake haƙa. Ka ji abin da nake so da littafin nan. Yaro yana buɗe shi don ya ji naushi, kafin ya ankara ya koyi Turanci, ya kuma koyi cewa a kowace ƙasa akwai mai fita da asuba da ciki babu komai.

Sai dai ka san inda za mu tsaya. Tun ranar da na saye shi cikin tarkacen wani Baturen ma'adinai da zai bar Bukuru, gara ta riga ta cinye bayansa. Ɗan Kwal yana kwance a ƙasa a babban wasan rayuwarsa, alƙalin wasa ya ƙirga shida, daga nan sai gara ta karɓi labarin. Shekara da shekaru ina sa kowane yaro ya faɗi nasa ƙarshen. Kowa cewa yake ya tashi. Wani ya ce da naushi ɗaya ya gama da mutumin, wani ya ce har sarauniya ta ba shi mota. Kai kaɗai ne, kana ɗan ƙarami da gajeren wando mai faci, ka ɗaga hannu ka ce, "Malam, in bai tashi ba, wa zai kai shi gida?" Ka tuna yadda aka yi maka dariya? Ni ma na yi.

To, yanzu kana garin da aka ce babu littafin da babu. Na rubuta maka sunansa da na marubucin a ƙasan takardar nan. In ka sami hutu daga wurin aiki da wurin koci, ka leƙa wurin masu sayar da tsofaffin littattafai. Ba na son in tsufa ban san ko mutumin nan ya tashi ba.

Ka riƙa rubuto mana. Ka rufe haɓarka da kafaɗa, kada ka bi mutum zuwa kusurwarsa don fushi. Allah ya tsare ka.

Ni ne malaminka,
Lukuman Jika

*

Ebute Meta, Legas
26 ga Maris, 1978

Zuwa ga babana Malam,

Gaisuwa da ladabi. Na sami takardarka, na karanta ta a tsaye a bakin gidan waya, na sake karanta ta a cikin bas har na wuce inda zan sauka. Ina gaida Mama Maimunatu. A ce mata ta yi gaskiya, amma yanzu na ƙara da wake.

Malam, Legas ba gari ba ne, tukunya ce a kan wuta. Da rana ina ɗaukar kaya a wani sito a Apapa, da yamma in tafi wurin koci. Wurin horon a bayan wani garejin makanikai yake. Ranar farko na zauna a benci ina jira a karanta babi. Koci ya ce, me kake jira? Na ce karatu. Suka kwashe da dariya, yanzu duk wurin Farfesa suke kirana.

Amma sun daina dariyar. Na yi wasa biyu, na ci duka. Na farko a turmi na uku mutumin ya zauna a kan igiya ya ƙi tashi. Na biyu ya ba ni wuya, dogo ne, hannunsa kamar tabarya. Sai na tuna wurin da Ɗan Kwal ya shige ƙarƙashin hannun dogon mutumin nan na tashar jirgin ruwa ya yi ta dukan haƙarƙari. Haka na yi. Ka gaya wa Baba Isa littafin ya yi naushi.

Na yi aboki, sunansa Benedict Nnadozie. Shi ke ɗaura mini bandeji, shi ke tsayawa a kusurwata da ruwa da soso. Ranar da ya ji na ce "wayyo" sai ya juyo ya ce, "Kai ɗan ina ne?" Na ce Jos. Malam, sai mutumin nan ya zauna a ƙasa. Ashe a Jos aka haife shi, sun bar garin lokacin tashin hankalin sittin da shida, bai sake komawa ba. Ba ya barina in yi barci, sai tambaya: itacen kaza yana nan? Har yanzu ƙanƙara tana faɗowa da ruwan farko? Ɗaki ɗaya muke yanzu.

Littafin kuwa, na je Yaba inda ake baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Na nuna sunan, kowa ya girgiza kai. Wani ya so ya sayar mini da littafin kiwon kaji, wai shi ma akwai faɗa a ciki. Zan ci gaba da nema.

Da yamma in iska ta taso daga teku, ɗumi gare ta kamar numfashin mutum. Sai in rufe ido in ga dutsenmu, kana riƙe da littafi da hannu ɗaya, ɗayan kana naushin iska, tabarau yana zamewa.

A gaida yara. A gaida mahaifiyata Ngo, a ce mata ina cin abinci.

Ɗanka,
Dalyop

*

Dutse Uku, Jos
2 ga Yuli, 1978

Ɗana Dalyop,

Gaisuwa da murna mai yawa. Takardunka uku duk sun iso, har da ta ƙarshe mai labarin babban wasan da za ka yi a watan Agusta. Wanda ya ci shi zai nemi kambun ƙasa! Na karanta wurin nan, na ajiye takardar, na fita tsakar gida ina zagaye har Maimunatu ta ce ko kunama ce ta harbe ni.

Bari in gaya maka abin da takardunka suka zama. Mun iso inda gara ta ci, yara suka yi tsuru-tsuru. Sai na zaro takardarka ta farko daga aljihu na karanta musu a madadin babin da babu. Dalyop, ban taɓa ganin shiru irin wannan a kan dutsen nan ba. Da na zo wurin haƙarƙarin dogon mutumin, 'ya'yan Isa suka miƙe suna ihu. Tun daga ranar, duk takardar da ta zo sai an karanta ta kafin a sa safa. Yara ba sa cewa takarda ta zo, cewa suke sabon babi ya zo. Na ce musu ko littafin bai samu ba, ba komai, Dalyop zai rubuta mana ƙarshen Ɗan Kwal da hannunsa biyu.

Kuma mun yi baƙuwa. Mahaifiyarka, Ngo Atine, ta ji labari. Duk Laraba takan rufe tiren dankalinta da wuri, ta taho tun daga Jos Jarawa a ƙasa, ta tsaya can baya kusa da shingen ƙerana. Na ce a ba ta kujera, ta ƙi. Ba ta ihu in yara suna yi. In na gama sai ta matso ta ce, "Malam, karanta wancan wuri na ƙasa kuma." In karanta mata gaisuwarka. Sai ta ce, "To," ta ɗauki tirenta ta tafi.

Damina ta zauna sosai. Ka gaya wa abokinka Benedict ƙanƙara ta faɗo da ruwan farko, har ta fasa mana gilashin aji biyu. Ina gaishe shi, ina kuma gode masa da yake tsayawa a bayanka.

Ka yi barci da wuri, ka rage wake kafin awo. Muna nan muna jiran babi na gaba, kuma duk mun san yadda zai kasance.

Malaminka mai alfahari da kai,
Lukuman Jika

*

Dutse Uku, Jos
19 ga Nuwamba, 1978

Ɗana Dalyop,

Ina gaishe ka, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Wannan ce ta uku da na rubuta tun Agusta. Ban sani ba ko gidan waya ne ke cinye su, ko ka tashi daga Ebute Meta.

Na bi jaridu ban ga komai ba, ka san ba su cika damuwa da ƙananan wasanni ba. Na tambayi direbobin manyan motoci da ke zuwa Legas, wani ya ce mini, "Malam, Legas fa ba Bukuru ba ce da za a ce ka ga wane?" Na san haka, amma na tambaya.

Damina ta wuce, ciyawar kan duwatsu ta bushe. Yara suna zuwa, muna karatu. Na ɗauko musu ɗan littafin nan na koyon tsayuwa da kariya mai hotuna, da tarihin tsofaffin zakarun nan da kake so, amma suna ji ne kawai don a ba su safa. Da na rufe sai wani ya ce, "Malam, babu sabon babi?" In ce babu tukuna. Sun fara ƙirƙiro nasu. Wai an tafi da kai Ingila a jirgin sama, shi ya sa ba ka da lokacin rubutu. Ban ce musu e ba, ban ce a'a ba.

Ngo ba ta fasa zuwa ba. Ba ta tambayata komai yanzu, hannuna kawai take kallo in na sa shi a aljihu. Shi ya sa na daina sa riga mai aljihu ranar Laraba.

Jiya na wuce ta tashar jirgin ƙasa, ba don ina da abin yi a can ba. Jirgin Kafanchan ya shigo, na tsaya har mutane suka watse. Akwai wani saurayi mai irin tafiyarka, kafaɗar hagu a gaba. Na kusa kiran sunanka.

Dalyop, ko layi ɗaya ne. Ko ba labarin dambe ba.

Malaminka,
Lukuman Jika

*

Ebute Meta, Legas
14 ga Janairu, 1979

Zuwa ga Oga Malam Lukuman,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Sunana Benedict Nnadozie, abokin Dalyop. Ka yi haƙuri da Hausa na, na titi ne, kuma ya daɗe a ajiye. Dalyop bai san ina rubuta wannan ba. In ya sani zai yi fushi, amma na gaji da ganin shi haka.

Oga Malam, roƙo na farko: kada ka karanta wannan a kan dutse.

Dalyop bai ci wasan Agusta ba. Yana kan gaba har turmi na shida. Mutumin ya buɗe mashi ido na hagu, jini yana shiga, baya ganin hannun da yake zuwa ta wannan gefe. Na ce ma koci a jefa tawul. Dalyop ya riƙe hannu na ya ce, "Ben, yara suna jira." A turmi na bakwai ya faɗi. An ƙirga goma bai ji ba. Ni na ɗauke shi a baya zuwa taksi.

Ya yi sati-sati a asibiti. Idon hagu ya tafi. Na dama yana gani, amma kamar mutum yana duba ta cikin ruwa. Likita ya ce babu dambe har abada, kuma ƙananan rubutu ba zai iya ba. Aikin sito sun bar shi yana gadin ƙofa da rana. Jikin shi lafiya, yana tafiya, yana ci in na matsa mashi.

Takardun ka duk sun zo. Ni nake karanta mashi. Yana juya fuska ga bango, in na gama ya ce in sake. Na ce to mu ba da amsa, kai faɗa ni in rubuta. Ya ce, "In ce me? Duk abin da na rubuta, Malam zai tsaya a kan dutse ya karanta, Ngo tana baya tana ji. Malam ya ce ni ne ƙarshen littafi. Ka taɓa ganin littafin da ya ƙare haka?" Na ce ni ban yi karatu da yawa ba, amma na ga mutane da yawa da suka ƙare haka, kuma suna nan suna shan shayi. Bai yi dariya ba.

Abu ɗaya kuma. Littafin da ka aike shi nema, ya samu. Sati ɗaya kafin wasan muka gan shi a Yaba, a ƙarƙashin tarin littattafan lissafi, cikakke, har da bango. Ya yi rawa a titi kamar mahaukaci. Ya ce ba zai buɗe ƙarshen ba sai ya ci wasa, ya aiko maka da labari biyu a ambulan ɗaya. Yanzu ya naɗe littafin da bandejin hannun shi, ya sa ƙarƙashin filo. Na ce kawo in karanta maka mu ji ko mutumin ya tashi. Ya ce in na taɓa, abota ya ƙare.

Oga Malam, yaron nan ba na Legas ba ne. Da yamma yana zama a bakin ƙofa yana tambaya na wane gefe ne arewa. Na san wannan ciwo, ni ma ina da shi. Gidan mu yana kusa da Abatuwa, akwai itacen piya a ƙofa, baba na ya shuka. Ni ba ni da wanda zai kira ni a can. Shi yana da. Ka kira shi.

Ka gaida Madam. Na gode da labarin ƙanƙara.

Naka da ladabi,
Benedict

*

Dutse Uku, Jos
28 ga Janairu, 1979

Ɗana Dalyop,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu, sannu da jiki. Benedict, na san kai ne kake karanta wannan. Allah ya saka maka da alheri. Ka karanta a hankali, in ya juya ga bango kada ka tsaya. Dalyop, kada ka yi fushi da shi. Wanda ya goya ka zuwa mota yana da ikon ya rubuta mini takarda.

Ban karanta ta a kan dutse ba, kuma ba wanda zai ji abin da ke ciki daga bakina sai ka yarda. Mutum ɗaya ce kawai ban iya ɓoye wa ba, zan gaya maka yadda aka yi.

Ranar Laraba Ngo ta zo. Ban sa riga mai aljihu ba, ban ce komai ba. Da yara suka tafi wurin buhun yashi sai ta matso ta dube ni ta ce, "Malam, takarda ya zo." Ba tambaya take ba. Na ce ta zo, amma ba da hannunka aka rubuta ba. Ta ajiye tire a ƙasa. Ta ce, "Yana da rai?" Na ce yana da rai. Ta ce, "Yana tafiya da ƙafan shi?" Na ce yana tafiya. Sai na gaya mata maganar idon, don uwa ce, ba zan yi mata rowar gaskiya ba. Ta goge fuska da bakin zane. Na fara cewa ai ka yi ƙoƙari, kana kan gaba har turmi na shida. Ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Malam, ni ban san turmi ba. Duk wannan dogon karatu da kake yi, wane ya bugi wane, ina jira ne ka gama ka zo wurin da ya ce yana cin abinci. Ka ce mashi acca ya nuna, na ajiye mashi. Ka ce mashi ido ɗaya ya isa ganin hanyan gida."

Na isar da saƙonta. Saura nawa.

Ka tambayi Benedict ko akwai littafin da ya ƙare haka. Ɗana, akwai su da yawa. Tarihin zakarun nan da ke kan kantata, ka san su, babu ɗaya a ciki da bai kwanta a ƙasa ba, wasu ma ba su sake shiga igiya ba. Marubutan ba su ajiye alƙalami a nan ba, sun bi mutumin har gida, sun ga abin da ya yi da sauran kwanakinsa. Sau da yawa wurin nan ya fi daɗin karatu, sai dai yara ba su da haƙurinsa. Da na ce kai ne za ka rubuta mana ƙarshen Ɗan Kwal, murna ce ta ɗebe ni. Na janye maganar. Ba babi nake nema ba, kai nake nema.

Kuma ina da aiki a nan da ya fi ƙarfina. Ni ban taɓa shan naushi ba, ka sani, duk abin da na sani a takarda na gani. Yaran nan suna girma, 'ya'yan Isa sun fara bugu da gaske. Ina iya gaya musu abin da littafi ya ce, amma ba ni da abin da zan ce wa wanda ya faɗi. Suna bukatar mai tsaya musu a kusurwa wanda ya san lokacin da ake jefa tawul. Ni in karanta, kai ka ɗaura safa. Na yi magana da hedimasta a kan ka dawo ka taya ni, ban ambaci ido ba, bai ƙi ba.

Kwanakin nan tambayarka ta yarinta ce take ta dawo mini. In bai tashi ba, wa zai kai shi gida? Mun yi maka dariya, ba wanda ya amsa. To ga amsa. Hutun Ista yana zuwa. Ban taɓa zuwa Legas ba, Maimunatu ta ce zan ɓace tun a tasha, amma zan zo. Ka sa Benedict ya rubuto mini motar da zan shiga daga tashar jirgi zuwa Ebute Meta.

Littafin kuwa, ka bar shi a naɗe yadda yake. In ka ga dama ka zo da shi, in ka ga dama ka bar shi. Na yi shekaru ban san ƙarshensa ba, ban mutu ba.

Wurinka yana nan a gefen da dutsen ya tsage.

Malaminka, babanka,
Lukuman Jika

*

Ebute Meta, Legas
18 ga Fabrairu, 1979

Babana Malam,

Ina gaisuwa. Ni nake faɗa, Ben yake rubutawa, in ka ga kuskure nasa ne.

Kada ka zo. Mama Maimunatu ta yi gaskiya, za ka ɓace. Na sami mai kai ni gida. Ben ya ɗauki hutu, ya ce rakiya ce kawai, amma tun jiya yake goge takalmi yana tambayata ko itacen piya yana daɗewa. A nema masa wurin kwana da bargo, ya manta sanyi.

Za mu shigo da jirgin Asabar ta farkon Maris. Littafin yana cikin jakata, ban kwance shi ba. Da muryarka na ji farkonsa, ba zan ji ƙarshensa da ta wani ba. Ko ya tashi ko bai tashi ba, ka karanta mana har bango.

Wannan takardar ka karanta ta a kan dutse. Ka fara gaya wa yara abin da ya faru, duka, don kada su tsorata in sun ga fuskata.

A gaida Ngo, a ce mata ta ɗora tukunya.

Ɗanka,
Dalyop